Tutar da Direba Bai Gani Ba

4 ga Maris

Ɗan Gwaggo,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan tarin nan da sanyin ofishinku ya sa maka ya sake ka. Mu nan da sauƙi. Ƙafar maigidana Direba ta hagu tana kai shi bakin titi ta dawo da shi ba sanda, hannun ma yana riƙe kofi, sai dai in ya gaji ya kama rawa. Wata tara ke nan da ɓarin jikin nasa ya shanye, wanda ya gan shi a lokacin ba zai ce zai sake miƙewa ba. Ni kuwa ina nan ina fama da zannuwan otal, tururin guga ya gama dafa ni.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. A wurin aiki nake rubutawa lokacin hutun rana, in ɗauki hotonta in turo maka. In na kira ka a gida kunnensa na kaina, kuma ya ce kada in kuskura in gaya maka.

Maganar wasan tseren motocin nan ce da ka aiko masa, da sitiyarinsa da abin takawa. Ka san da farko na yi mita, na ce mutum mai shekara hamsin da bakwai za a mai da shi yaro. To, na janye. Likitar gashin ƙashi da bakinta ta ce duk motsa jikin da take sa shi babu wanda ya kai wannan. Yakan ɗaure sitiyarin a teburin cin abinci, ya jawo kujerar da ba ta girgiɗi, ya gyara zama kamar fasinja sittin na bayansa. Ya shiga gasar Asabar, su ashirin da biyu, ba wanda ya taɓa ganin wani, amma ya san halin kowa. Akwai wanda yake kira Lamba Tara, wai shi kaɗai ya iya tuƙi a cikinsu, sauran duk 'yan koyo ne.

Asabar ɗin da ta wuce zagaye sittin za su yi. Wajen na arba'in sai ga shi a gaba, karo na farko tun da ya fara. Ya kira ni daga kicin in zo in gani. Ban gama goge hannu ba motar ta tsaya da kanta, aka rubuto wai an cire shi. Wai an ɗaga tuta rawaya ya wuce motoci uku, aka ɗaga masa baƙa bai shiga wurin gyara ba.

Ya rantse bai ga tuta ko ɗaya ba. Ya ce, "Shekara ashirin da shida ina jan bas, jar danja ban taɓa ƙetarewa ba. Yau inji ne zai ce na yi zamba?"

Ya zauna ya rubuta ƙorafi da yatsa ɗaya, ya kai awa guda yana yi. Amsa ta zo kafin ya tashi daga kujera: "Mun duba ƙorafinka da kyau. Hukuncin ya dace da dokar tsere. Muna maka fatan nasara a tsere na gaba." Ya karanta sau uku, ya kwance sitiyarin, ya naɗe shi a tawul ya ɗora kan kabad. Tun ranar bai yi motsa jiki ba. Abin da ya fi cinsa, Lamba Tara ya rubuto masa cewa bai zaci haka daga gare shi ba.

Ranar ashirin ga Afrilu likitan kamfanin bas zai gwada shi, a ga ko zai koma bakin aiki. Ranar nan ce ke tashinsa daga gado kullum. In ya ci gaba da wannan zama, ƙafar za ta koma gidan jiya.

Kai ne kake aiki a kamfanin wasan. Ka duba mana, in kuskure ne a wanke shi. Tun da ka tafi ban taɓa roƙonka komai ba sai hoton amarya, har yau kuwa babu amaryar balle hoton.

Taka,
Yaya


9 ga Maris

Yaya,

Takardarki ta iso, na gode wa Allah da jin labarin ƙafar Yaya Direba. Tarin yana nan, mun saba da juna. Ki gaishe shi ko da ba ki ce daga wa ba.

Bari in fara da abin kunya. Amsar nan da ya karanta sau uku, ni na rubuta ta. Ba ranar ba. Shekara biyu ke nan da aka ce in tsara amsa guda da za ta ishi kowa, tun daga nan inji ke aika ta. Ba wanda ya duba ƙorafinsa, da kyau ko ba da kyau ba.

Ku can in kun ce ina kamfanin wasa, gani kuke wasa nake yi. Ɗaki ne ba taga, mu goma sha huɗu, kowa da allo biyu a gabansa. Rabona shi ne tutoci. Ƙorafi ɗari biyu ke shigowa a yini, ban kuwa taɓa samun wanda ya ce shi ne da laifi ba. Inji ke tankaɗe su, abin da ya rage a rariya ya zo wurina. In na tashi aiki na ga mai shago ya shanya tsumma rawaya, sai in ji ƙafata na neman birki.

Ga dokar, don ki san abin da ake magana a kai. In an yi karo a fili sai a ɗaga rawaya: kowa ya rage gudu, ya tsaya a layinsa, ba wuce wani. Wanda ya wuce sai a ɗaga masa baƙa. Baƙar ba kora ba ce, kira ne. Ya shiga layin gyara, ya bi ta ciki a hankali, ya fito ya ci gaba, wurinsa kawai ya rasa. Zagaye uku ake ba shi. In ya cika ukun bai shiga ba, sannan a cire shi. Da yawa sukan yi kamar ba su gani ba, suna zaton za a manta. Inji ba ya mantuwa, ba ya kuma jin magiya. Amma yakan yi kuskure, musamman in motar gaba ta tsaya cak, babu yadda mutum zai yi sai ya wuce ta. Irin wannan ina da ikon gogewa.

Kowane tsere muna ajiye faifansa, har da lokacin da mutum ya taka birki da yadda ya juya sitiyari. An hana mu buɗe na dangi, amma zan buɗe. Mutumin da ya zaunar da ni a kujerar bas a filin bayan depo, ina kashe masa mota sau goma yana cewa "sake", ba zan bar shi da amsar inji ba. Ki ba ni mako guda.

Maganar amarya kuma, ki nemo mai son mijin da ke mafarkin tutoci.

Naki,
Ɗan Gwaggo


26 ga Maris

Ɗan Gwaggo,

Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mu nan sai godiya. Direba yana cin abinci, yana barci, shi ke nan. Jiya likitar gashi ta yi masa faɗa, ya ce mata to, ya dawo ya zauna.

Mako guda ka ce, yau kwana goma sha bakwai. Na ga alamar ka buɗe saƙona biyu. Na san zumuncin namu da ɗan nisa, kakarka da kakana ne suke uwa ɗaya, amma shekara huɗu ka yi a ɗakin baya na gidan nan kana karatu, ban taɓa auna nisan ba. In abin ya fi ƙarfinka ka ce ya fi ƙarfinka. In kuma tsoron manyanka kake, ba zan ga laifinka ba, aiki ba a tsintarsa a titi. Shirun ne ba na so. Na riga na yi suɓul da baka na gaya masa kana dubawa, yanzu duk sanda wayata ta yi ƙara sai ya ɗago kai.

Yaya


29 ga Maris

Yaya,

Ki yi haƙuri. Lafiyata lau, sai gajiya. Ba tsoron kowa ya hana ni ba. Na kalli faifan tun washegarin da na rubuto miki, yadda zan faɗa ne na rasa. Takarda huɗu na yaga.

Tutar daidai take. A zagaye na talatin da takwas motoci biyu suka yi karo a baya, rawaya ta fito, kowa ya sauka gefen ciki ya rage gudu. Shi bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Ya wuce uku, na ukun shi ne Lamba Tara, da haka ya zama na gaba. Baƙa ta fito ta zauna a allonsa zagaye uku cur. Ba zan iya goge ta ba. In na goge na yi ƙarya, ga shi sauran ashirin da ɗayan kowa yana da faifan.

Amma ki gaya masa ban ce ya yi zamba ba. Mai zamba yakan ɗan yi jinkiri, ya taɓa birki, ya duba ko an gan shi. Shi ko gezau. Tuƙinsa kuwa tsaf, ya fi na waɗanda ya ba shekara talatin. Na kuma ga ya kashe muryar mai sanarwa, wadda ke faɗa wa direba tuta a kunne. Ki tambaye shi dalili.

Cirewar ta tsere ɗaya ce, yana iya komawa Asabar mai zuwa.

Sai wani abu. Kafin ranar gwajin nan, ki sa a duba masa ido. Ni ba likita ba ne, shawara ce kawai.

Naki,
Ɗan Gwaggo


2 ga Afrilu

Ɗan Gwaggo,

Mun gode. Muna lafiya, kai ma Allah ya ƙara maka.

Takardarka ta shigo ina wanka, wayar na kan tebur, shi ya fara karantawa. Na fito na tarar ya kifa ta. Ya ce, "Yaron da na koya wa riƙon sitiyari ya ce in je a duba mini ido." Ya yi wata 'yar dariya wadda gara kuka da ita.

Na san ni da kai akwai wasa, ka sha ce mini makauniya tun ranar da na zuba maka gishiri a shayi. Amma wasa da wurinsa. Mutumin da ke zura mini zare a allura ba tabarau, mai karanta lambar mota daga nan zuwa kwanar titi, shi za a ce wa ba ya gani? Da ka ce ya yi laifi ka tsaya nan, da ya fi.

Muryar da ka tambaya, ya ce shekara ashirin da shida bai bar fasinja ya gaya masa yadda zai tuƙa ba, ba zai fara da na cikin akwati ba.

Abu ɗaya dai maganarka ta yi, ta tashe shi. Ya koma motsa jiki, har yana wuce abin da aka ce ya yi. Ya kuma koma kan sitiyari, kullum da safe in na fita aiki, shi da Makanike maƙwabcinmu. Ya ce zai nuna wa masu ido wanda ya iya.

Ba sai ka ƙara wahalar da kanka ba. Mun gode da abin da ya samu.

Yaya


8 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki karanta wannan yanzu, ke kaɗai, kada ki bari sai an tashi aiki.

Da na ga kin ce ya koma kan sitiyari na yi murna, na ce ko kun yi fushi da ni kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kwana biyar ina zaton wasan kike nufi. Yau na buɗe don in ga yadda ya yi ranar Asabar, na tarar bai shiga ba tun ranar da aka cire shi. To wane sitiyari ne? In motar Makanike yake ja a titi, ki tsai da shi yau.

Ba wasa na yi ba. Laifina ne da na naɗe maganar na cusa ta a ƙarshen takarda don ina jin nauyinsa. Ga ta a buɗe.

Ba tsere ɗaya na kalla ba, goma sha huɗu na kalla, duk wanda ya yi tun da ya fara. A wasan nan tuta tana fitowa ne a kusurwar allo ta sama, hannun hagu. Sau goma sha ɗaya rawaya ta fito masa, ko sau ɗaya bai rage gudu don ita ba. Yakan rage ne in motar da ke gabansa sak ta rage. Shi ya sa ba a kama shi ba sai ranar da duk suka sauka hagu, gabansa ya zama fili. Na kuma duba wani abu. In mota ta matso shi ta dama, nan take yake ba ta wuri, cikin tsanaki irin na tsohon hannu. In ta matso ta hagu, kamar babu ita. Sau tara ana gogar juna da shi ta hagu, ta dama ko ɗaya.

Na tambayi wata abokiyar aikina da mahaifinta ya yi irin ciwonsa. Ta ce yakan faru. Idon lafiya lau, yana zura zare a allura, amma gefe guda na duniya ya ɗauke, mai shi kuma bai san ya ɗauke ba. Ba duhu yake gani ba balle ya yi kuka da shi. Shi ya sa da ya rantse bai ga tuta ba, gaskiya ya faɗa.

Gwajin wannan daban yake, ba na karanta haruffa a bango ba ne. Ki ce a gwada faɗin ganinsa. Ban sani ba ko likitan kamfani zai yi haka. In haruffa kawai ya nuna masa zai wuce, a miƙa masa bas.

Mai yiwuwa kuskure na yi, na kuma fi kowa son ya zama haka. In haka ne ya zage ni iya ransa, na yarda. Amma a titi ba a ba mutum zagaye uku.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Ɗan Gwaggo


13 ga Afrilu

Ɗan Gwaggo,

Muna nan da rai. Ina fata kai ma haka.

Motar Makanike ce. Na karanta takardarka a tsaye tsakanin injin wanki biyu, na ce wa shugabarmu gida ba lafiya, na fita da rigar aiki a jikina. Na tarar sun dawo, Direba ya shiga gida, Makanike na bakin gareji yana ɗaure madubin hagu da salatif. Na tambaya, ya ce ba komai, wani kwandon shara ne aka ajiye ba daidai ba. Na tsare shi da ido. Sai ya sosa ƙeya ya ce wannan ne karo na biyu, shekaranjiya ma sai da ya fizgi birkin hannu saboda wani mai keke. Ya ce ya ɗauka hannun ne bai gama ƙwari ba, kuma wa zai gaya wa Direba?

Ban yi wa Direba maganar nan take ba. Na zuba masa abinci na zauna ina kallonsa, abin da na daɗe ban yi ba, kullum a tsaye nake. Ya cinye na dama tas, ya ture faranti ya ce yau na rage masa hannu. Rabin abincin na nan a hagu. Wata goma ina kwashe rabin nan ina cewa ciwo ya rage masa ci. Kafaɗarsa ta hagu duk tabon bakin ƙofa ne, ina cewa ƙafa ce.

Na juya farantin. Ya dube shi, ya dube ni.

Ya ce, "Yaushe kika ƙara?"

Na ce, "Ban ƙara ba."

Ya sake duban farantin. Sannan ya ce, "Yaron ya sake rubutowa ko?"

Na ce e.

Ya ce, "Karanto mini. Duka, kada ki tsallake."

Na karanta. Da na zo wurin sau tara ta hagu, ya ce, "Ni kuwa ina cewa su ne ba su iya tuƙi ba."

Jiya muka je asibitin ido. Suka ɗora haɓarsa a bakin wani abu kamar babban kwano, suka ba shi maɓalli ya danna duk sanda ya ga ɗigon haske. Ina bayansa ina ganin hasken na ƙyaftawa a hagu, ɗaya bayan ɗaya, babban yatsansa na kan maɓallin yana jira. Ban san lokacin da na fita waje ba.

Likitar ta nuna mana takarda, da'ira biyu, kowace rabinta baƙi. Ta ce na wasu yakan ɗan dawo, amma bayan wata goma kada mu sa rai sosai. Za a koya masa juya kai. Ya ce, "Tuƙi fa?" Ta ce a'a. Ya ce, "Ko ƙaramar mota?" Ta ce a'a. Ya yi mata godiya, ya ɗauki hularsa.

Ban san me zai yi da ranar ashirin ba. Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Takardar likitar tana aljihunsa, kamfani bai san da ita ba. Ka gane abin da nake tsoro.

Na yi maka mummunar fahimta. Gajiya ba za ta bar ni in tsara ban-haƙuri mai kyau ba, ka karɓi wannan.

Taka,
Yaya


15 ga Afrilu

Yaya,

Na karɓa, ba ma sai kin bayar ba. Jikina lafiya. Shugabana ya gano na buɗe faifan dangi, ya ba ni takardar gargaɗi, sannan ya tambaye ni ko za a iya koya wa inji ya riƙa lura da irin wannan. Na ce ban sani ba. An dai sa shi a jerin abubuwan da za a duba, jerin kuwa ya fi ni tsawo.

Na gane abin da kike tsoro. Ba zan kira kamfanin bas ba, ke ma ina ganin kada ki riga shi. Ki ba shi zuwa ranar. Amma in kin ga zai bar takardar a aljihu, Yaya, sai dai ki faɗa, ko da zai shekara bai yi miki magana ba. Ki ce ni na sa ki.

In wata rana ya so komawa wasan, ana iya mai da tutar hannun dama, sai in turo miki yadda ake yi. Kada ki yi masa maganar yanzu.

Naki,
Ɗan Gwaggo


22 ga Afrilu

Ɗan Gwaggo,

Ina gaishe ka, shi ma ya ce in gaishe ka, da bakinsa. Muna lafiya, ƙafa na ƙara ƙwari.

Ranar ashirin ya tashi ya ce in goge masa kakin aiki. Na goge. Ya sa, wuyan ya yi masa yawa. Na ce zan raka shi, ya ce shi ba yaro ba ne, na ce ai na riga na ɗauki hutu. Muka hau bas muka tafi. Ni dai na shirya maganata, tana bakina kamar garwashi.

A depo direbobi suka yanyame shi. Wannan ya ce Oga ya dawo, wancan ya ce motarsa ta ƙi kowa tun da ya tafi. Yana ta dariya yana ba su hannu. Aka kira shi wurin likita, na bi shi, bai hana ni ba. Likitan ya auna jini, ya sa shi ya matse masa hannu, ya taka daga bango zuwa bango, ya karanta haruffa har layin ƙasa. Ya ce madalla, ya jawo fom ya cire murfin biro.

Na buɗe baki. Direba ya ɗora hannu a gwiwata. Ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta a kan fom ɗin, ya ce, "Likita, duba wannan kafin ka ɓata tawadarka."

Likitan ya duba, ya dube shi, ya mai da murfin biro.

Manaja ya ce akwai kujera a ɗakin tsara fita, wurin mai rubuta wace mota ta fita da wane direba. Direba ya ce zai yi tunani. Ya je ya tsaya gaban tsohuwar motarsa, ya gaya wa wanda ke janta yanzu cewa giya ta uku tana son haƙuri. Mutumin ya buɗe masa ƙofa ya ce ya hau ko zama ya yi. Bai hau ba.

Ni ban san ko daɗi nake ji ko me ba. 

Da muka sauka a unguwa za mu tsallaka babban titi, sai ya tsaya a bakin kwalta ya ce, "Dawo ta nan." Ya mai da ni hagunsa, ya riƙe hannun rigata. Shekara talatin da ɗaya shi ke gaba ina binsa. Muka tsaya motoci na wucewa, shi yana duban dama. Na duba hagu sau biyu, na ce masa mu je.

Taka,
Yaya